Yadda ake hawa jirgin sama-da-titi na Kuala Lumpur

Jirgin KL Monorail na birnin Kuala Lumpur, a Malesiya, ba ya taka ƙasa. Kan doguwar katangar siminti guda ɗaya yake gudu, wadda aka ɗora bisa ginshiƙai a saman titi, tayoyinsa na roba sun rungume ta sama da gefe. An buɗe shi a 2003, tsawonsa kilomita 8.6, tashoshinsa 11, daga KL Sentral zuwa Titiwangsa. Gajere ne, amma ya ratsa tsakiyar inda baƙi suka fi nufa, kuma cunkoson motoci bai shafe shi ba.

Wahalar farko ita ce gano tasharsa ta KL Sentral. Wanda ya sauka daga jirgin KLIA Ekspres na filin jirgin sama yakan ɗauka monorail yana cikin babban ginin KL Sentral tare da sauran jirage. Ba ya nan. Sai ka hau sama, ka ratsa ta cikin rukunin shagunan NU Sentral, ka bi alamu har ɗaya ɓangaren. Da manyan akwatuna tafiyar tana da ɗan nauyi, kuma taragon kansa ba shi da faɗi. Mai kaya da yawa gara ya ɗauki mota zuwa masauki, ya dawo wa jirgin daga baya.

Biyan kuɗi hanya biyu ne. Ko ka je na'urar tikiti, ka zaɓi tashar da za ka sauka, ka sa kuɗi, ta ba ka kwandalar roba. Ko ka yi amfani da katin Touch 'n Go da ka loda wa kuɗi. Kwandalar ana ɗora ta kan shingen shiga ya buɗe, a riƙe ta, sannan a jefa ta cikin ramin shingen fita. Nan mutane ke kuskure: su cusa ta a aljihu cikin tsabar kuɗi ta ɓace, ko su zarce tashar da suka biya, shinge ya ƙi buɗewa sai sun je wurin ma'aikaci. Riƙe ƙananan takardun ringgit, kuɗin Malesiya, don na'urar ba ta son manya. In za ka yi kwanaki a garin, katin ya fi, ya raba ka da layi.

Kafin ka hau matakala duba alamar inda jirgi ya nufa, KL Sentral ko Titiwangsa, domin a yawancin tashoshi kowane ɓangare da nasa dandamali. A ciki ka kama ƙarfe da kyau. Hanyar tana da kwana masu tsanani, jirgin kan karkata idan ya shiga su. An hana ci da sha.

Imbi ce tashar Berjaya Times Square. Bukit Bintang ita ce cibiyar shaguna da gidajen abincin Larabawa, kuma ta fi kowace cika, musamman da yamma da ƙarshen mako. Bukit Nanas ta fi kusa da hasumiyar KL Tower, sai dai akwai hawan tudu. Chow Kit kuwa kasuwar kayan miya da nama da kifi ce.

Tagwayen benayen Petronas ba sa kan wannan layi, kodayake za ka hango su ta taga. Sauka a Bukit Nanas, ka taka zuwa tashar Dang Wangi, ka shiga layin Kelana Jaya, tasha ta biyu ita ce KLCC, inda benayen suke. A wannan canjin sai ka fita daga shinge ka sake biya, haka ma idan za ka koma layin MRT, wani jirgin cikin gari, a Bukit Bintang. A Hang Tuah ne ake sauyawa zuwa layukan Ampang da Sri Petaling ba tare da fita ba.

Jirgin yana fara aiki wajen ƙarfe 6 na safe, ya tashi daga aiki gab da tsakar dare. Ka tafi da lema, don ruwan la'asar a garin yakan sauko da ƙarfi ba sallama.