Kurakuran da Sababbin Shiga Suke Yi a Cinikin Katakon Layin Dogo

Ba ƙaramin takaici nake ji ba idan wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Katako ta nan Jos ya zo mini da takardar farashin da wani kamfani na waje ya aiko masa, yana murna ya samu katakon layin dogo da araha, alhali ko karanta sharuɗɗan takardar bai yi ba. Kurakuran iri ɗaya ne kullum, mutanen ne kawai suke sauyawa. Wannan katako, wato gungumen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙarfen titin jirgin ƙasa, yana da lambarsa ta kwastan a duniya, 4406, yana kuma da ƙa'idojin da suka bambanta shi da katakon rufi ko na kujera, kuma wanda ya shige shi da ilimin falankin gini kaɗai zai sha wuya.

Abu na farko shi ne rashin sanin wanda za a sayar wa. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, duk a kan gungumen kankare aka ɗora su, kuma faɗin layukan, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu, milimita 1,435 ne. Tsohon layin da ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 milimita 1,067 ne, gungumensa bai kai na sabon layi tsawo ba. Inda katako yake da daraja har yau shi ne a kan gadoji da mararrabar layi, kuma waɗannan wurare suna buƙatar awo na musamman. Kada ka yi odar ko guda ɗaya sai ka riƙe takardar awo daga hannun wanda zai karɓi kayan.

Sai batun irin itacen, wanda a nan ne na taɓa yin asarar da har yau nake jin ɗacinta. Itacen da ya fi suna a wannan harka a Afirka shi ne eki, wanda Faransawa suke kira azobe, yana fitowa daga dazuzzukan Kamaru da Gabon da kudancin Nijeriya. Ja ne mai duhu, gara ba ta cin sa da sauƙi, ba ya buƙatar magani, kuma nauyinsa ya haura kilo 1,000 a kowace kubik mita. Wani dillali da ke tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa maƙwabciya ya turo mini hotuna masu kyau, na biya, kaya suka iso. Ranar da ake sauke su ina tsaye na ga wani ɗan dako ya tallabo gungume guda shi kaɗai ya aza a kafaɗa ya wuce da shi, nan take jikina ya yi sanyi, domin gungumen eki na gaskiya mai tsawon mita 2.6 ya fi kilo 100, majiya ƙarfi biyu ma da nishi suke ɗaga shi. Na sa aka yanko guntu aka jefa a bokitin ruwa, sai ga shi yana yawo a sama. Na saman lodin kaɗai ne eki, na ciki wani jan itace ne mara nauyi da aka shafa wa baƙin mai.

Abin da yake ba ni haushi shi ne, bayan na ba mutane wannan labari sai su gyaɗa kai, sa'an nan su je su yi cinikin biri a sama da wani da suka haɗu da shi a WhatsApp. Alhaji, hoto ba shaida ba ne, bidiyo ma ba shaida ba ne. Ni dai tun daga lokacin ba na sakin cikon kuɗi sai wani nawa ko kamfanin duba kaya mai zaman kansa ya tsaya a wurin lodi, ya zaɓi gungume daga tsakiyar tari da kansa, ya auna shi a sikeli, ya yanki bakinsa ya ga launin cikinsa, ya kuma jefa busasshen guntu a ruwa, tunda eki nutsewa yake yi. Ina kuma sa a rubuta sunan itacen na kimiyya a cikin yarjejeniya, Lophira alata, saboda kalmar "jan katako mai tauri" ba ta ɗaure kowa a gaban alƙali. Akwai ma masu zaton namijin kaɗen da ke dajinmu na arewa shi ne eki. Dangi ne, amma bishiyar tamu ƙarama ce, ba ta ba da gungume irin wancan.

Nauyin nan shi ne kuma yake karya lissafin sufuri. Sabon shiga yakan ɗauka kwantena mai ƙafa 40 za ta ɗauki ninkin abin da mai ƙafa 20 take ɗauka, sai ya raba kuɗin jirgi a kan adadin da ba zai taɓa shiga ba. Iyakar nauyin da aka yarda wa kowacce, har da nauyin ƙarfenta, kusan tan 30 ne, kuma babbar ta fi nauyin jiki, don haka a kaya irin wannan ƙaramar ce ta fi ɗauka. Gungume mai awon Turai, tsawo mita 2.6, faɗi santimita 26, kauri santimita 16, ya ɗan haura kashi ɗaya cikin goma na kubik mita, wato tara ne suke cika kubik mita ɗaya, kuma ƙaramar kwantena ba za ta wuce guda 240 ko kusa da haka ba kafin sikeli ya tsayar da kai. Tun 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta a tabbatar da nauyin kwantena kafin a ɗora ta, saboda haka babu zancen a rufe ido. Bayan wannan ga tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Apapa, ga Hawan Kibo da tirela mai lodin tan 28 za ta hau kafin ta iso Jos. Ni nakan rage lodi da gangan, in biya ƙarin mota, hankalina a kwance.

Wannan lissafi na tara a kubik mita shi ne mabuɗin kwatanta farashi. Wani yana faɗin kuɗi a kan guda, wani a kan kubik mita, wani a kan tan. A ce an faɗa maka dala 600 kubik mita, to guda ya kama wajen dala 65. Mayar da kowane tayi zuwa ma'auni ɗaya kafin ka ce wane ya fi sauƙi. Ka kuma duba haruffa ukun da ke bayan adadin: FOB yana nufin kuɗin jirgi da inshora a wuyanka suke, CIF kuwa ya haɗa su har tashar sauka, amma kuɗin fito da na ejan da na jinkirin kwantena duk naka ne. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan Yunin 2023 ba ya yi wa mai saye alkawarin farashi da naira a kan kayan da zai biya da dala wata uku nan gaba.

Tsohon gungumen da aka cire daga layukan Turai kuwa, wanda ake tallarsa da kuɗi kaɗan don shinge ko gadar gona ko adon lambu, ni ba na taɓa shi. Yawancinsa itacen Turai ne irin su ok ko fain da aka dafa da kiriyosot, wani baƙin mai da ake samu daga kwaltar kwal, wanda aka tabbatar yana iya jawo cutar daji. Tarayyar Turai ta ƙuntata cinikinsa ƙwarai, tsohonsa kuma a can shara ce mai guba da ake biyan kuɗi a kawar, shi ya sa suke neman kai da shi. Nijeriya tana cikin Yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai guba, kuma ba a manta da abin da ya faru a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu a 1988 ba, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya. Idan hukumar kula da muhalli ta NESREA ta riƙe maka kwantena a tasha, kuɗin jinkiri kaɗai zai cinye jarin. Na ga inda aka yi benci da irin wannan katako a tsakar gida, da rana ta take sai man ya riƙa tsattsafowa yana manne wa rigunan yara, na kuma ji wata ta yi girki da guntayensa. Haba jama'a, warin kaɗai bai isa ya hana ba?

Masu mafarkin fitar da kaya waje su ma su yi hattara. Katako, ɗanye ko yankakke, yana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta fitarwa, don haka ka je ka ga matsayin doka a rubuce kafin ka sare ko reshe. Madobiya ta shiga jerin kariya na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2017, kawo da maɗaci suka bi baya a taron 2022, ke nan ba a ƙetare iyaka da su sai da izini na musamman. Masu saye a Turai kuma tun 2013 doka ta tilasta musu bin diddigin dajin da aka saro itacen.

Sauran ƙanana ne. Ka buɗe takardar shigo da kaya ta Form M a banki kafin kaya su taso. Ka nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da aka yi lodi. Ka sa a buga ƙarfen hana tsagewa a bakin kowane gungume, sa'an nan idan ya iso ka jera shi a inuwa da tazara tsakani, domin iskar hunturun Jos tana tsaga ɗanyen katako cikin 'yan makonni. Duk wanda kuma ya kawo maka gungume da dare ya ce daga tsohon layin Kuru ko Bukuru ya samo shi, kayan Hukumar Jiragen Ƙasa ne, ka ce ya nuna maka takardar gwanjo ta hukumar, in babu ka sallame shi tun daga bakin ƙofa.