"Oga, fayil ya ɓace": kurakuran folda da na gaji da gyarawa

A makon nan kaɗai sau uku yaran shagona suna kirana da murya irin ta wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa: "Oga, fayil ya ɓace." Sau ukun kuma fayil ɗin yana nan daram inda aka ajiye shi. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon yaro da aka kawo min koyon kwamfuta, shi ya sa na zauna na rubuta ta, in wani ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

File Explorer, wato tagar da kake buɗe folda da ita a Windows, ba ta nuna maka duk abin da ke cikin na'ura. Abin da aka saita ta ta nuna take nunawa. Akwai wanda ta ɓoye, akwai wanda ta gutsure wa suna, akwai wanda ta jera a inda ba ka zata ba. Kusan duk kukan da nake ji daga nan yake fitowa.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona min rai, don ni da hannuna na tafka shi.

Ina sabon shiga harkar, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta kawo filash ɗinta in buga mata furojet. Na soka a kwamfuta, sai ga foldodinta duk sun koma shotkat, wato gumakan da nuni kawai suke yi zuwa wani abu, ba shi kansa ba, kowacce da 'yar kibiyar nan a gindi. Na danna ɗaya, wani baƙin akwati ya ƙyafta ya ɓace, ba abin da ya buɗe. Na goge shotkat ɗin duka, filash ya zama wayam. Na dube ta da ƙarfin gwiwar wanda bai san bai sani ba na ce, "Malama, bayiros ya cinye komai, sai dai a yi masa fomatin." Ta ce, "Malam, ba ni da wani kwafin fa." Na ce ai ko an bar shi ba abin da ya rage a ciki. Na yi fomatin, kuma don in gwada mata filash ɗin ya warke, na zuba wasu fayiloli a kai. Wannan zubin ne ya rufe ƙofar ƙarshe, domin fomatin na gaggawa ba ya shafe ainihin bayanan, manhajar ceto tana iya tono su muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne shaida tana gabana ban karanta ba. A This PC, ƙarƙashin sunan filash ɗin, layin nan mai shuɗi yana nuna kusan rabinsa a cike. Filash da babu komai a ciki, me ya cika rabinsa? Furojet ɗinta ne, babi biyar cif, a zaune lafiya lau. Bayiros ɗin shotkat ba ya cin fayil. Lulluɓe foldodinka yake yi da tambari biyu, na "ɓoyayye" da na "kayan Windows", sannan ya ajiye shotkat masu sunansu don ka danna ya ƙara yaɗuwa. Dare huɗu na yi ina sake buga mata abin da ta samu a rubuce da hannu, kyauta, ga kuɗin man janareta daga aljihuna. Jadawalan babi na huɗu kuwa sai da ta sake lissafinsu tun daga tushe. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

To ga inda masu ɗan sani suke faɗuwa. Sukan kunna Hidden items, wato zaɓin nuna ɓoyayyun abubuwa, su ga ba abin da ya fito, su ce shi ke nan an cinye. Wannan bai isa ba, saboda tambari na biyu. Sai ka shiga Folder Options, shafin View, ka zaɓi Show hidden files, folders, and drives, sannan ka gangara ka cire alamar da ke kan Hide protected operating system files. Windows za ta yi maka gargaɗi, ka amsa Yes. Nan take za ka ga foldodin sun bayyana dishi-dishi. A Windows 11 Options yana cikin ɗigo ukun da ke saman taga, a Windows 10 yana ƙarshen shafin View ta dama, a tsohuwar Windows 7 da har yanzu shagunanmu suke cike da ita kuma ta Organize ake bi.

Ni ba na ma bin wannan doguwar hanyar yanzu. Nakan danna maɓallin Windows da R, in rubuta cmd, sannan in buga wannan:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin E na filash ɗin ne, ka duba naka a This PC ka sa wanda ya dace, kada ka kwafi nawa ido rufe. Umarnin yana cire tambarin ɓoyo daga komai da ke ciki, har foldodin cikin foldodi. Daga nan ka kwashe fayilolin zuwa wuri mai tsabta, ka goge shotkat ɗin da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe da mai filash bai san da shi ba. Kada ka danna shotkat ko ɗaya "don ka gani". Kuma in kwamfutar shagon ce ke ɗauke da cutar, ka wanke ta tukuna, in ba haka ba kowane filash da aka soka zai koma gida da tsaraba. In ka gama, ka mayar da alamar Hide protected operating system files yadda take. Zan faɗi dalili can gaba.

Na biyu da yake sa ni ɗaga murya shi ne barin wutsiyar suna a ɓoye. Wutsiya nake kiran haruffan da ke bayan ɗigo a sunan fayil: .docx, .pdf, .jpg, .exe. Windows tana zuwa da su a ɓoye tun daga kamfani, kuma har gobe ban ga hikimar hakan ba. A watan Mayun 2000 bayiros ɗin nan ILOVEYOU da ya taso daga Filifin ya bi duniya ta wannan ƙofar: sunan fayil ɗin ya ƙare da .TXT.vbs, Windows ta ɓoye .vbs ɗin, mutane suka ga kamar wasiƙa ce suka buɗe. Shekaru sama da ashirin ke nan, dabarar ba ta tsufa ba. A shagona na sha ganin fayil mai hoton folda, launin rawaya da komai, da sunan wata folda ta gaskiya, alhali .exe ne. Kura da fatar akuya. Yaro ya danna sau biyu, "folda" ba ta buɗe ba, ya sake dannawa, ya kira abokinsa shi ma ya danna.

Haba jama'a! Maganin bai kai daƙiƙa goma ba. A Windows 11: View, Show, File name extensions. A Windows 10 akwatin yana kan shafin View a fili. Duk kwamfutar da ta shigo hannuna wannan nake fara kunnawa, kafin ma in tambayi mai ita abin da ke damunta. Wasu abokan sana'a suna cewa hakan yana rikita masu koyo, za su share wutsiyar garin canza suna. Na ji, amma ban yarda ba. In ka danna F2, Windows sunan kawai take haskawa ta bar wutsiyar, kuma in ka taɓa ta sai ta yi maka gargaɗi. Wanda ya tsallake gargaɗin bai karanta ba, matsalarsa daban ce.

Tunda an zo nan: canza .docx zuwa .pdf da hannu ba ya mayar da takarda PDF. Ka rubuta "shinkafa" a jikin buhun gero, gero ne a ciki. Ka buɗe a Word ka yi Save As.

Sai kukan da na fi ji daga ma'aikatan ofis: "Na gyara folda yadda nake so, gobe ta koma gidan jiya." Ko kuma, "Na danna Apply to Folders amma rabin foldodina ba su canza ba." Dalilin shi ne Windows ta kasa foldodi kashi biyar: General items, Documents, Pictures, Music da Videos. Kuma ita take leƙa cikin folda ta yanke hukunci da kanta. Ka zuba hotuna ashirin cikin foldar takardu, sai ta ce ai wannan ta hotuna ce, ta buɗe maka manyan gumaka. Apply to Folders kuwa, maɓallin da ke shafin View na Folder Options, 'yan kashi ɗaya kawai yake shafa. In ka danna shi kana cikin foldar takardu, ta hotuna ba ta san ana yi ba. In kuma ka ga maɓallin ya yi toka-toka ba ya dannuwa, galibi ta Control Panel ka shigo. Rufe, ka buɗe wata folda ta gaske, ka shiga Options daga cikinta.

Abin da nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba: babbar foldar aiki, in danna mata dama, Properties, Customize, in zaɓi General items, in sa alama a Also apply this template to all subfolders. Sannan Ctrl da Shift da 6, wanda yake kawo tsarin Details. Ni mutumin Details ne. Suna, kwanan wata, iri, girma, duk a layi ɗaya. A nan ne kurar da na ambata take tonuwa, don a shafin Type za ka ga Application a inda ya kamata a ce File folder. Manyan gumaka na masu aikin hoto ne. Wannan gyaran kuma yakan warkar da foldar da take jan ƙafa wajen buɗewa, koren layi yana rarrafe a sama kamar hawainiya, saboda Windows tana ƙoƙarin karanto tsawon kowane bidiyo da sunan kowane mawaƙi.

Foldar Downloads ita ce uwar taurin kai. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2019 take rarraba kaya rukuni-rukuni, na yau, na jiya, na makon jiya. Yaro ya taɓa 'yar kibiyar rukuni ɗaya ya naɗe shi, fayil hamsin su shige, sai "Oga!" Danna dama a fili, Group by, None, sannan Apply to Folders kana cikinta. Ni kaina ta sha dawo min bayan sabuntawa, in sake gyarawa ina tsaki.

Akwai lokacin da kwamfuta take daina tuna kowane saiti gaba ɗaya. Windows tana ajiye tsarin kowace folda a Registry, wato rumbun saitunanta, a wurare biyu masu suna Bags da BagMRU, kuma adadin da take riƙewa 5000 ne. Kwamfutar shago da ake soka mata filash goma-goma kullum takan cika su ko su rikice. Fara da Reset Folders a shafin View na Folder Options. Goge Bags da BagMRU yana aiki, na yi ba sau ɗaya ba, amma sai na fara fitar da kwafinsu na ajiye, kuma na haramta wa yarana buɗe regedit, manhajar da ake shiga Registry da ita. Wani da na taɓa koyarwa ya kalli bidiyo a YouTube ya shiga goge-goge, garin neman gira ya rasa ido, sai da muka sake loda Windows.

Na yi alkawarin dalilin mayar da alamar ɓoyo. In ka bar ta a cire, za ka ga desktop.ini guda biyu a kan fuskar kwamfuta, da Thumbs.db nan da can, da System Volume Information a filash. Ba bayiros ba ne, kayan Windows ne. Mai koyo da ya saba goge ƙananan nan, wata rana zai shiga C ya ga pagefile.sys mai nauyin giga da yawa ya fara kokawa da shi.

Sauran ƙanana ne, ba su cancanci dogon bayani ba. Gumaka sun kumbura ko sun ƙanƙance farat ɗaya: ka murza tayar linzami hannunka yana kan Ctrl, murza baya. Hotuna ba sa nuna fuskarsu sai tambari iri ɗaya: cire alamar Always show icons, never thumbnails. Folda tana nuna fayil uku alhali ɗari ne: duba kan shafuka a Details, in ka ga alamar maki kusa da Name ko Type, an tace ne, cire ta. Wannan ne ya faru da ɗaya daga cikin ukun makon nan. Komai yana buɗewa da danna ɗaya: wani ya zaɓi Single-click a shafin General. Kana neman tsohuwar takarda da Date created: kwafar fayil zuwa sabon wuri tana ba shi sabon kwanan haihuwa, Date modified ne yake bin sa duk inda ya je. Windows ta ƙi bari ka canza sunan takarda ta ce tana buɗe a wani wuri alhali ka rufe Word: kashe tagar leƙe ta gefen dama da Alt da P, sau da yawa ita ce ta riƙe ta.

Sai guda ɗaya da nake so yarana su haddace kamar karatun allo. Abin da akwatin bincike ya jero maka ba kwafi ba ne, ainihin fayilolin ne daga foldodi daban-daban. Ka ga suna ɗaya sau uku ka ce bari in rage maimaici, to daga wurare uku kake gogewa. Ƙara shafin Folder path ka ga gidan kowanne tukuna. In a cikin kwamfuta ne, Ctrl da Z ko Recycle Bin za su cece ka. In a filash ne, abin da ka goge ba ya biyawa ta Recycle Bin. Zare filash ɗin a hankali, kada ka zuba masa ko hoto ɗaya, ka kawo min shi.