Darasi na 9: Ganyen Reto na Baranda

Duk wanda ya bi ta GRA ta Zariya ko gidajen ma'aikatan jami'a a Samaru ya taɓa ganin tukwanen nan da ake ratayewa a baranda, koren ganye ya zubo ta kowane gefe yana lilo. Turawa suna kiran tsiron "fern". Mu a aji ganyen reto muke ce masa, kuma da wannan suna za mu ci gaba. A wannan darasi za mu koyi yin irinsa da leda.

Tsiro ne mai ban mamaki. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In kun juya bayan ganyensa za ku ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere. Wata 'yar ƙura ce ke fita daga cikinsu, iska ta kwashe ta, inda ta sauka a wuri mai danshi sai sabo ya tsiro. Inuwa yake so da danshi, shi ya sa a kudancin ƙasar nan yakan fito da kansa a jikin bishiyar kwakwar manja, ba wanda ya shuka. A Zariya kuwa labari ya sha bamban. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da komai har leɓen mutum, daga nan zafin Maris da Afrilu ya ɗora.

Na taɓa sayen mai rai guda ɗaya. Da damina ya yi shar. Da rani ya kama, sai ga ni ina sayen ruwa wurin 'yan garuwa ina shayar da ganye, maigida yana kallona bai ce komai ba. Duk da haka kafin bazara ya koma kamar tsohuwar tsintsiya. Na roba da ake kawowa daga waje kuma kuɗinsa ba na mai neman na cefane ba ne. Saboda haka za mu yi namu da hannu.

Kayan aiki

Babban abin nema shi ne koriyar leda mai ɗan kauri, irin wadda ake shimfiɗa wa tebur, marar zane. Ana samunta wajen masu sayar da leda da kafet a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada. Yadi ɗaya ya isa tukunya ɗaya. Kafin ku fitar da kuɗi ma, ku leƙa wajen masu ɗinkin kushin da kujerar babur, sau da yawa suna da guntaye a zube. In kun dace da kore iri biyu, mai duhu da mai haske, kun huta, domin ko a bishiya ganye ba launi ɗaya ba ne.

Kada ku yi da ledar cefane. Na gwada. Rana tana cinye ta, bayan 'yan watanni in ka taɓa sai ta marmashe a hannu. Ƙyallen yadi yana yi, amma gefensa yana warwarewa sai an shafe shi da farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa, shi kuma wannan gam ba ya jure feshin ruwan sama.

Sai waya siririya, wadda magina ke ɗaure rodi da ita. Sai almakashi mai kaifi, filaya, basilla, biro, tef ɗin awo na tela, igiya mai ƙarfi, guntun soson tsohuwar katifa, da tsakuwa cikin tafi biyu. Tukunyar kuwa robar fenti mai lita 4 ta wadatar, ko ƙwarya, ko ƙaramin kwando.

Awo da lissafi

Nan ne karatunmu na lissafi zai yi mana rana. Yadi ɗaya inci 36 ne. Faɗin leda ya danganta da wadda aka samu, don haka kowa ya auna tasa. Mu ɗauka tamu inci 45 ce.

Ku yanka ta tsiri-tsiri, kowane tsiri faɗinsa inci 3, tsawonsa inci 36. In aka raba 45 da 3, tsiri nawa ke nan? 15. Yanzu kowane tsiri a raba shi uku: dogo inci 18, matsakaici inci 12, gajere inci 6. Ku tara 18 da 12 da 6, za ku ga 36 cif, ko ƙyalle bai yi saura ba. Ke nan yadi ɗaya ya ba mu dogaye 15, matsakaita 15, gajeru 15. Duka ganye 45.

Kowane ganye yana bukatar waya da ta fi shi tsawo da inci 4, saboda ƙafar da za a soka a soso. Wato inci 22, da 16, da 10. Jimla inci 48. Sau 15 ya zama inci 720, wato yadi 20 na waya. Ku rubuta wannan a takarda kafin ku tafi kasuwa, kada ku je ku dawo ku sake komawa, kuɗin Keke ya cinye ribar.

Yankan ganye

Wannan shi ne aikin gaba ɗaya, sauran duk wasa ne. Kafin ku taɓa almakashi, ku aiki yaro ya tsinko muku ganyen tsamiya ko na ɗorawa, ku ajiye a gabanku. Ku dubi yadda ƙananan ganyayyaki suka jeru hagu da dama a jikin jijiya ɗaya. Haka ganyen reto yake, sai dai ya fi tsawo, kuma yana sirancewa har ya ƙare da tsini.

Ku ninka tsirin biyu ta tsawo. Wurin ninkin shi ne jijiyar ganye. Da biro ku ja layi mai lanƙwasa a gefen da yake buɗe: ya fara da ɗan siranta a gindi, ya buɗe a ciki, sannan ya yi ta tsukewa har tsini. Ku yanke bisa layin. Gajerun a rage musu faɗi kaɗan, kada su yi kama da ganyen kabeji.

Yana nan a ninke, sai ku fara tsaga daga gefe zuwa wajen ninki, tsakanin tsaga da tsaga kamar rabin inci. Abu biyu za ku kiyaye. Na farko, almakashi ya tsaya kafin ya kai ninki, ku bar kamar faɗin ƙwayar wake, in ba haka ba ganyen ya rabu biyu. Na biyu, ba tsaga kawai ake yi ba, ɗan siririn yanki ake cirewa a kowane wuri, mai baki buɗe da gindi a tsuke, domin a sami fili tsakanin 'yan ganyayyakin. In ba a cire ba, abin zai fito kamar gezar darduma. Ku ɗan karkata almakashin yadda 'yan ganyayyakin za su kalli tsini.

Akwai wata dattijuwa a ajinmu daga cikin birni, Goggo muke ce mata. Ta fi shekara talatin tana ɗinkin hannu na manyan riguna, sana'ar da aka san birnin Zazzau da ita. Ranar da muka fara wannan aiki ta sa tef tana auna kowace tsaga, nata ya fito daidai wa daida kamar na inji. Ta ɗaga shi ta juya, ta yamutsa fuska.

"Malama, wannan ai matsefi na yi, ba ganye ba."

Na ce, "Goggo, ajiye tef ɗin, ki bar hannu ya yi abinsa."

Ta ce, "Yau ga ikon Allah, 'yar nan. A riga in na karkace a dawo mini da aiki, a nan kuma sai na karkace za a yaba."

Gaskiyarta ne. Wata tsagar ta ɗan fi wata, wani ganyen ya ɗan karkace, a nan kyan yake. Abin da ke tona asirin na kanti shi ne duk ganyensa tsawo ɗaya, siffa ɗaya.

Kada ku ce sai kun gama 45 a zama ɗaya, yatsa zai yi kanta. Goma da hantsi, goma bayan la'asar, cikin kwana uku an gama.

Sa waya

Ku buɗe ganyen. Da basilla ku huda ƙananan ramuka a kan layin ninki, tazarar inci ɗaya-ɗaya. Ku zura waya daga gindi, ta shiga wannan rami ta fita ta wancan, kamar ɗinkin tsallake, har tsini. A can ku lanƙwashe bakinta da filaya ya koma baya, don kada ganyen ya zame, kada kuma ta tsokane wa wani ido. Da wannan dabara ba ruwanku da gam. Wayar rodi tana tsatsa da damina, saboda haka in akwai ragowar koren fenti a shafa mata a bari ta bushe tukuna.

Ga wani ɗan ƙarin armashi. Sabon tohon wannan tsiro a nannaɗe yake fitowa kamar wutsiyar hawainiya. Ku ɗauki gajeru biyu ko uku, ku naɗe tsininsu a jikin biro, ku zare biron.

Haɗa tukunya

Ku riƙe ƙusa da filaya, ku ɗora a wuta ta yi zafi, ku huda ramuka uku na ɗaura igiya a bakin robar, tazararsu ɗaya, in ba haka ba tukunyar za ta rinjayi gefe. A tsakar gida za a yi wannan, hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne. Ku huda huɗu ko biyar a gindi. Kada a raina waɗannan: ruwan da ya kwanta a roba gidan sauro ne, cikin kamar kwana goma ƙwai ya zama sauro mai cizo.

Tsakuwa a ƙasa don nauyi, soso a sama a cusa shi ya matse. Dogayen ganye ake fara sokawa, a zagaye baki da su, a lanƙwasa kowanne ya zubo ƙasa kamar baka. Matsakaita su biyo daga ciki, su ɗan tashi sannan su sunkuya. Gajeru da masu naɗi a tsakiya, a tsaye. Ku rataya a ƙusa, ku ja da baya taku biyar ku duba. Inda soso ya leƙo a jawo ganye a rufe. In an yi daidai, robar ma da ƙyar za a gan ta.

Ratayewa da kulawa

A jikin katako ake kafa ƙusa ko ƙugiya, ba a silin ba. Ya wuce kan dogon mutum, ya kuma fi ƙarfin akuya in ta yi miƙa. Leda a cikin dabba ba ta narkewa, tana toshe tumbi har ta kashe, don haka guntayen da kuka yanke ma a tattara su a ƙulle, kada a share su zuwa turke. A zaɓi gefen da rana ba ta duka kai tsaye, launin zai fi daɗewa. In hadarin farkon damina ya taso da iskar nan tasa, a sauke a shigar ɗaki. Da hunturu kuwa ƙura za ta mai da shi ja. Sai a zare ganyen, a ɗauraye a ruwan omo, a shanya a inuwa, a mayar.

Aikin gida

Wannan kuɗi na gwaji ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce kun sayi leda naira 2,000, waya naira 1,000, igiya naira 500, kuɗin mota naira 400. Nawa kuka kashe? In kun sayar da tukunyar naira 6,000, nawa ya rage muku? Ku raba abin da ya rage da kwana ukun da kuka yi kuna yanka, ku gani ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Bayan haka ku tambayo ainihin farashi a kasuwar da ta fi kusa da ku, ku sake lissafin.

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku lura da haruffa masu ƙugiya: ƙusa, ɗorawa, ƙwarya, lanƙwasa, faɗi.

Zama mai zuwa kowa ya zo da ganye uku da ya yanka, dogo da matsakaici da gajere, a aji za mu sa musu waya. Wanda almakashinsa ya dakushe ya kai a wasa masa kafin ranar.