Yadda za ka taɓa wutar mota ba tare da ka kwance tsaron da anka gina mata ba

Wanga rubutu na 'yan uwana masu rewaya ne da makanikai nan Sakkwato, da duk mai mota 'yar Kwatano da ke kai ta gareji. Motocin da ke shigo mana yanzu, su Corolla da Camry da Accord, ba irin Fijo 504 ba ne da in ta ƙi tashi sai ka duba fulogi da kafireto shi kenan. Kowace tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci da yawa, birenbos na inji daban, na birki daban, na iyabag (jakar iska mai kare mutum a haɗari) daban, kuma duk suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da anka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Waɗanda sunka zana su ba da ka sunka yi ba, ƙa'idoji sunka bi, kuma abin da ke damuna shi ne da filaya da salatif cikin minti goma za mu iya warware abin da sunka shekara suna gwadawa.

Ka fara da yin tunani irin nasu. Akwai ƙa'ida mai suna ISO 26262, ta fito a 2011 anka sabunta ta a 2018, ita ce ke kula da kada wutar mota ko manhajarta ta samu matsala ta halaka mutum. Kafin injiniya ya zana komai sai ya yi tambaya uku: in abin nan ya lalace wane irin rauni za a ji, sau nawa direba ke shiga halin da hakan zai iya faruwa, kuma in ya faru direba zai iya shawo kan motar ko a'a. Da amsoshin ne ake ba kowane sashe mataki da suke kira ASIL, daga A har D, D ne mafi tsanani. Birki da sitiyari da fashewar iyabag ba gaira ba dalili galibi can sama suke. To kai ma kafin ka yanke waya ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi ukun. In wayar rediyo ce ko ta gilashin ƙofa, bismillah. In ta ABS ce (tsarin da ke hana taya ƙamewa in an taka birki) ko ta sitiyarin lantarki ko ta iyabag, dakata, wannan ran mutum ne a hanyar Gusau ko ta Illela yana gudu da iyalinsa a baya.

Nan zan daɗe kaɗan, don a kan iyabag anka fi yin ɓarna. Wutar iyabag ɗin nan da ke kamawa a dashbod ba ado ba ce, ita ce hanyar da motar ke gaya ma cewa ta binciki kanta ta ga matsala. In ka murɗa makulli dole ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa wani ya cire ƙwan ko ya liƙe shi, kuma mai sayen mota ya lura da wannan tun a wurin dila kafin ya biya ko sisi. Wasu kuma sai su saƙala rezisto a wurin iyabag ɗin da ya riga ya fashe don birenbos ya ɗauka komai lafiya, wuta ta mutu, mai mota ya yi godiya ya tafi bai san sitiyarinsa fanko ne ba. Don Allah oga kada ka yi wannan, kuma kada ka koya ma yaranka na gareji. In babu kuɗin sabo ka gaya ma mai mota gaskiya ka bar wutar tana ci, ya san halin da yake ciki. In kuma aikin za ka yi da gaske, cire kan batir tukuna, ka jira 'yan mintuna wutar da ta rage a ciki ta sauka, soket masu ruwan ɗorawa su ne na iyabag, kada ka taɓa su da tes-lam ko mita don kana iya tada shi a fuskarka.

Sannan ka ɗauki lambar bodin motar, wadda ake kira VIN, baƙaƙe da lambobi 17 ce a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. In motar daga Amurka ta fito, shafin NHTSA, hukumar da ke kula da tsaron motoci a can, na bari ka saka lambar kyauta ka ga ko akwai kiranyen gyara da ba a yi mata ba. Dalili shi ne iyabag na kamfanin Takata, wanda sinadarin cikinsa ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce ƙima ya watsa ƙarfe, mutane sun mutu ta haka, kuma anka yi kiranyen miliyoyin motoci har da Honda da Toyota masu yawa na shekarun 2000, irin dai waɗanda ke cike da titunanmu. Ga zafin garin nan kuma da ke haura digiri 40 a Afrilu.

Fis kuma in ya ƙone nemo abin da ya ƙona shi, ka mayar da mai lamba ɗaya da shi. Ɗaura waya a wurinsa shi ke cinna ma mota wuta.

Abu na biyu shi ne tsarin aiki. Kamfanonin motoci, musamman na Jamus, suna auna masu rubuta musu manhaja da wani ma'auni mai suna Automotive SPICE, mataki 0 zuwa 5, kuma in ka tace shi abin da yake nema bai wuce a rubuta abin da ake so, a yi shi, a gwada, a ajiye shaidar da za a iya bi baya a gano wa ya canza mi kuma yaushe. Wannan ko a ƙarƙashin dogon yaro kake aiki za ka iya. Sayi littafi, kowace mota da shafinta. Kafin ka taɓa komai jona sikana a soket ɗin OBD mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari, ka ɗauki hoton duk lambobin matsala da waya kafin ka goge, don wasu da sun jona sai gogewa, wuta ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo kuma babu wanda ya san abin da ta ce da farko. Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, gwada, sake jona sikana, rubuta. In kana zargin wayoyin CAN ne, cire batir ka auna da mita tsakanin baki na 6 da na 14 na soket ɗin OBD, a yawancin motoci za ka ga wajen om 60, in ka ga 120 akwai inda layin ya katse ko wani sashe ya fita. Kuma in za ka yi firogiramin na birenbos ka tabbatar batirin motar da na laftof a cike suke, in wuta ta yanke ana tsakiyar aiki birenbos na iya mutuwa gaba ɗaya, kai ne da biya.

Sai batun kutse cikin kwamfutocin mota, wanda da yawa ke ganin na Turawa ne kawai. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga wata Jeep Cherokee ta intanet daga nesa ta hanyar rediyonta, har sunka hana ta tafiya tana bisa babban titi, kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4. Bayan haka anka samu ƙa'idar ISO/SAE 21434 a 2021, da dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 155 wadda ta zama dole ga duk sabbin motoci a Tarayyar Turai daga Yulin 2024. Tunanin da ke ciki shi ne ka lissafa ƙofofin da ɓarawo zai bi, sannan ka rufe su.

Mu nan ƙofofinmu sanannu ne. Ta farko soket ɗin OBD, wanda ya samu zama cikin motarka da na'urar da ta dace zai iya ƙara makulli, saboda haka kada ka bar mota da makulli wurin wanda ba ka yarda da shi ba, kuma in ka sayi mota ta hannu ka sa a goge tsofaffin makullai a yi rajistar waɗanda ke hannunka kaɗai. Kai kuma mai yanka makulli, duk wanda ya zo ya ce makullinsa ya ɓata ka nemi takardun mota da katin shaida, ko da kuwa ya zo da babbar riga. Ta biyu rediyon Android da tiraka (na'urar bin sawun mota) da ake maƙalawa. Kada a feɗe wayoyin CAN don neman musu wuta, a ja musu layinsu da fis nasu. Tiraka da yawa suna zuwa da lambar sirri ta kamfani irin 123456, kuma wasu suna iya kashe inji ta saƙon tes, ka ga duk wanda ya san lambar sim ɗin ya riƙe motarka kenan. Canza lambar sirrin a gaban wanda ya saka maka, sim ɗin kuma ya zama da sunanka anka yi masa rajista. In motarka mai tashi da maɓalli ce kada ka rataye rimot kusa da ƙofar gida da dare, akwai na'urar da ke janyo siginarsa zuwa wurin motar, ka jefa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, sannan ka je kusa da motar da gwangwanin a rufe ka ja ƙofa ka gani ko za ta buɗe.