Yadda ake riƙe labari ɗaya har a ga bayansa: dabarar Harold Evans

Harold Evans, ɗan direban jirgin ƙasa, an haife shi a 1928 kusa da Manchester, ya kuma shugabanci jaridar Sunday Times ta Landan daga 1967 zuwa 1981. An fi tuna shi da zancen thalidomide, maganin da masu ciki suka sha, aka haifi ɗaruruwan yara a Birtaniya babu cikakkun hannuwa ko ƙafafu. Ɗan jaridar Yamai da ke bin sawun maganin da ake talla cikin tasa a bakin kasuwa zai iya bin hanyarsa.

Fara da buƙata ɗaya wadda ake iya ƙirgawa. "A gyara harkar magani" ba buƙata ba ce, kowa zai gyaɗa kai ya wuce. Evans diyya ya sa a gaba: kamfanin Distillers da ya sayar da maganin ya yi tayin fam miliyan 3 da ɗoriya, jaridar ta matsa tun 1972, a 1973 aka kai miliyan 20.

Sai kundi. Ka sayi maganin da kanka, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya, lambar rukuni da ranar lalacewa su fito sarai. Rubuta rana, wuri da kuɗin da ka biya. Kada ka ɓare duka, bar kwali ɗaya a rufe saboda ranar musu. Kowace magana ta samu shaida biyu da ba su san juna ba. Lokotoro da mai farmasin da ke ƙofarsa sau da yawa bakinsu ɗaya. Hoton mara lafiya kuwa, sai iyalinsa sun yarda, ka naɗi yardar a waya.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne shari'a. Kotu ta hana Evans buga labarin yadda aka gwada maganin, don ƙarar iyaye tana gaban alƙali. Bai yi fito-na-fito ba, ya ci gaba ta inda doka ta bar masa ƙofa: halin da yaran ke ciki da ƙanƙantar diyyar. Sai a 1979 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce hanin ya tauye ƴancin faɗar albarkacin baki. Don haka lauya ya karanta rubutunka kafin ya je maɗaba'a. Wanda kake zargi kuma, aika masa tambayoyi a rubuce, ba shi kwana uku, ka adana kwafi mai sa hannun wanda ya karɓa.

Kada ka zazzage buhun a bugu ɗaya. Raba abin da ka tara kashi huɗu ko biyar, kowane mako da sabon abu, mafi nauyi ka riƙe shi sai sun musanta.

Tun kafin bugu na farko, zauna da mai jaridar ka ji ko zai jure in masu talla suka janye. Evans da kansa, da attajirin jaridu Rupert Murdoch ya sayi gidan jaridar ya ba shi shugabancin The Times a 1981, shekara ɗaya kawai ya yi a kujerar, don ba su jitu da sabon mai gidan ba.