Yadda takarduna na talla suka fara kawo kira

Da na fara sana'ar wanke gilashin tagogi a Accra, a unguwar Nima nake raba takardun talla, amma waya shiru. Masu wucewa sai su yi fifita da takardar su yar.

Sai na koma unguwannin Osu da East Legon, inda gilashi yake da yawa. Maigadi nake ba hannu da hannu: "Baba, don Allah a miƙa wa maigida." Lambar WhatsApp da ta MoMo (ta biyan kuɗi ta waya) na sa a takardar da manyan baƙaƙe. Rangwamen da nake yi kuwa na mai da shi kan wanki na biyu, don a sake nemana. Da hunturu ya shigo a Disamba, ƙura ta lulluɓe gilasai, kira ya yawaita har na ɗauko ƙanena ya taya ni.