Yadda Ake Ƙyanƙyashe Ƙwan Kilifish Mai Shekara Ɗaya

Masu ta tambayata kan yadda ake ƙyanƙyashe ƙwan Nothobranchius (wani ƙaramin kifi ne na dangin kilifish, wanda rayuwarsa ba ta cika wuce shekara ɗaya ba), ga matakan:

1. Ajiye ƙwan cikin garin ɓawon kwakwa mai danshi, a leda, cikin duhu.
2. Jira wata biyu zuwa huɗu, gwargwadon irin kifin.
3. Duba ƙwan da gilashin ƙara girma. Hattara, nan ake yawan kuskure: kada ka jiƙa sai idanu sun fito sarai a ciki. In ka yi gaggawa, 'ya'yan sukan fito suna jan ciki, ba sa iya iyo.
4. Juye garin a roba.
5. Zuba ruwa mai ɗan sanyi marar kulorin, zurfin santimita 5.
6. Ba 'ya'yan kifin jariran artemiya (ƙananan jatan lande na ruwan gishiri) masu rai ranar da suka fito.
7. Bayan ka kwashe 'ya'yan, matse garin, ka mayar leda.
8. Sake jiƙawa bayan mako biyu, wasu ƙwan makara gare su.